Yadda Ake Zama Uban Tiyatir a Agadas da Bakin Wasu

Kai da ka buɗe wannan takarda, ka zo inda ya dace. In kana son a riƙa nuna ka a kasuwa ana cewa "ga mai wasannin nan," alhali ba ka taɓa ƙago maganar da ta ba ko mutum ɗaya dariya ba, to bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na ba ka tabbaci, cikin shekara uku sunanka zai zaga gari.

Ni ne shaida. Sunana Illiya, mutumin Tasawa, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Agadas tun shekarar 1942. A nan mushe ake ce wa malamin lakwal. Da farko na ji zafin sunan, daga baya na ga ya dace da ni ta fuska biyu. Wasan kwaikwayo huɗu aka yi a garin nan a zamanina, waɗanda har yau ake kira Wasannin Abzin, kuma sunana na kan uku daga ciki. Ga yadda na yi.

Mataki na ɗaya: Ka zo daga nesa, ka riƙe kaye

Kaye shi ne littafin rubutu na ƴan lakwal. Samu ɗaya mai baƙin bango, ka maƙale shi a hammata, kada ka ajiye ko da za ka zagaya bayan gida. Ba mai tambayar abin da ke ciki.

A shekarar 1943 direktan lakwal ɗinmu, wani Bature, ya tara mu ya ce kumandan, Baturen da ke mulkin garin, na son a yi tiyatir, wasan kwaikwayo ke nan, ranar Katoras, wato sallar Nasara ta sha huɗu ga watan bakwai. Ya tambaya wa ya san tiyatir a cikinmu. Ni dai sau ɗaya na taɓa ganinsa, inda aka horar da mu, kuma ta baya na gan shi, don ni aka ba igiyar labule. Na ɗaga hannu. Kai ma ka ɗaga. Wanda ya riga ɗaga hannu shi ne masani har sai wani ya zo daga inda ya fi nisa.

Mataki na biyu: Ka rubuta da harshen da ƴan kallo ba su ji

Wannan ita ce garkuwarka. In ba a yi dariya ba, sai ka ce ba su fahimta ba.

Na rubuta wasan farko da Faransanci, na sa masa suna Manomin Dabaga, ban kuwa taɓa taka Dabaga ba. Da na rasa wanda zai fito a matsayin manomin, aka ce in je wurin Bahago, maƙerin azurfa. Dattijo ne mai kusan shekara hamsin, siriri, mai ƙananan idanu. Duk wanda ya zo maƙerarsa ya tafi, kafin ya sha kwana Bahago ya zama shi: tafiyarsa, tarinsa, har yadda yake taya kaya. Mutane kan zauna wurinsa tun hantsi ba don suna da aikin ƙira ba.

Na ce, "Baba Bahago, ko za ku iya hardace Faransanci?"

Ya ce, "Mushe, na iya kukan raƙumi, na iya kukan jaki. Faɗi naka in ji."

Cikin sati biyu ya hardace shafi shida, bai san ma'anar ko kalma guda ba.

Muka yi wasan a farfajiyar lakwal bayan la'asar. Lokacin yaƙi ne, yadi ya yi wuya har ana binne mutane cikin tabarma, saboda haka da tabarmin kaba muka yi labule da bangon gidan manomi. Don wasa ya yi kama da gaskiya na sa aka kawo takarkari na gaske, irin wanda ke jan guga a lambu. Bahago ya tsaya yana zuba Faransanci, gari duk ya yi tsit kamar ana zaman makoki. Can sai takarkarin ya miƙa wuya ya kama bangon gida ya fara ci.

Bahago ya waiwaya, Faransancin ya gudu daga kansa. Ya ce, "Haba ɗan'uwa, gidan namu za ka cinye? To ina za mu kwana, ni da kai?"

Farfajiya ta ɗauka da dariya. Ya ci gaba da lallashin san da Hausa, yana tuna masa alherin da ya yi wa uwarsa, har bango ya ƙare. Ni kuwa ina bayan labule ina neman ramin da zan shige. Da aka tashi kumandan ya miƙo mini hannu ya ce wannan dabara ta sa san ya ci gida ta burge shi ƙwarai. Na sunkuyar da kai na ce na daɗe ina tunaninta.

Riƙe wannan: duk abin da ya ɓaci aka yi dariya, kai ka tsara shi.

Mataki na uku: Ka nemi mai baki, ka zauna kusa da alƙalami

Shekara ta biyu na sauko, na yi rubutu da Hausa. Wasan shi ne Albasar Tabelot. A bayan katangar lakwal muke gwaji, kuma a gindin katangar nan akwai rumfar Tabawa, wata gwauruwa mai sayar da albasa, wadda ƴan'uwanta ke kawo mata kaya daga Tabelot a kan jakai. Garba maɗinki muka ɗaura wa zane ya fito mace. Yana cikin karanta abin da na rubuta, "Ya mai gidana abin alfaharina, ina ganin albasar nan ba ta kai ta bara ba," sai muka ji murya daga bayan katanga.

"Wace mata ce wannan? A kai ta wurin malamai, ba ta da lahiya."

Na leƙa na ce, "Inna Tabawa, wasa ne muke yi."

Ta ce, "Na ji. Shi ya sa ban kira mutane ba. Mushe, ka taɓa jin mace ta yi wa mijinta magana?"

Ta zagayo ta zauna kan turmi, ta ce wa Garba ga yadda ake faɗi. Kafin magariba ta rushe wasana ta gina wani. Nawa labarin amfanin taki ne. Nata kuwa labarin wani mai lambu ne da ya fara shigowa birni da buhunan albasa, duk wanda ya gamu da shi sai ya ce ai shi ɗan'uwan kakarsa ne, ya ɗauki ɗaya ta ɗanɗano, har mutumin ya koma gida da buhu wayam da sababbin dangi hamsin. Tana faɗi, Bahago na ƙarawa, ni ina rubutawa kamar ana korata. A rana ta uku Garba ya kwance zane ya miƙa mata, ya ce shi ya koma ɗinkin kayan wasa, ya gode Allah.

Da ranar ta zo aka buga takardar shiri a biron kumandan, wato ofishinsa. Layi ɗaya ne a ƙarƙashin sunan wasan, kuma sunana ne a kai. Tabawa ba ta karatun boko. Ta juya takardar ta ce, "Mi aka rubuta nan?"

Na ce, "Sunayenmu ne."

Ta dube ni ta ce, "Dukanmu cikin wannan ɗan layi? Lalle boko akwai tattali."

Ta ninke takardar ta ƙunshe goro da ita. In ka samu irin wannan amsa, kada ka tsaya nazarinta. Nazari yana rage ƙarfin marubuci.

Mataki na huɗu: In an gyara maka, ka ce bincike kake yi

Wasan ya karɓu har aka ba mu kamiyon soja, babbar motar kaya, ya kai mu Dabaga, mu nuna wa masu lambu wasannin biyu. Ba a yi nisa ba wani tsoho ya miƙe ya ce a dakata. Ya shigo fili ya karɓe igiya daga hannun Bahago, ya ce wanda ya riƙe igiya haka, shi da gugan za su faɗa rijiya tare. Ya nuna yadda ake kora sa, da waƙar da ake yi masa, da inda ake tsayawa a juyo. Bahago ya durƙusa ya gode masa, ya sake fitowar tun daga farko. Ni na buɗe kaye ina gyaɗa kai, kamar dama abin da ya kawo ni ke nan. Ranar na fara ganin rijiyar lambu da idona, shekara guda bayan na rubuta wasa a kanta.

Mataki na biyar: In wasa zai yi zafi, ka zauna kusa da mai iko ka yi fassara

A nan sai ka natsu, don daga nan abin ya daina zama na dariya zalla.

A shekarun nan na yaƙi an yi ta kama raƙuman mutane don ɗaukar kayan soja zuwa Dirku. Ƙanen Tabawa, Abdou, raƙuma uku gare shi, da su yake bin ayarin gishiri yana ciyar da gida biyu. Aka karɓe su duka. Bayan wata biyar gardi, ɗan sandan kumandan, ya kawo masa akala uku, ya ce raƙuman sun mutu a hanya. Ba shi kaɗai ba ne. Da wuya ka shiga unguwa ba ka ga akala rataye a bango ba raƙumi.

Wasa na uku, na 1945, na sa masa suna Ayarin Dirku. Ni abin da na rubuta yabon hamada ne da taurari. Tabawa ta saurara har ƙarshe ta ce taurarin sun yi kyau, amma a ƙara wani baƙo mai hular kwano da zai zo duba raƙuma. A wurin gwaji Bahago yakan yi baƙon nan salin-alin, ba gishiri ba yaji. Na ga alamar akwai wata a ƙasa, amma ban tambaya ba. Kai ma kada ka tambaya. Abin da ba ka tambaya ba, ba ka sani ba.

Ranar Katoras aka ajiye mini kujera a gefen kumandan don in riƙa juya masa magana. Wannan kumandan sabo ne, gajere, mai tafiya da hannuwa a baya, kuma ba ya buɗe baki sai ya yi gyaran murya sau biyu. Bahago ya fito da hular kwano ta ƙwarya, hannuwa a baya. Ya tsaya gaban raƙumi, ya yi gyaran murya sau biyu, ya tambayi raƙumin ko yana ƙaunar Faransi. Jama'a suka fara toshe baki da rawani.

Kumandan ya ce da ni, "Me yake cewa?"

Na ce, "Yana yaba lafiyar dabbar, mon kumandan."

A fitowa ta ƙarshe baƙon ya dawo ya miƙa wa Tabawa akala da hannu biyu, ya ce raƙuminta ya mutu mutuwar jarumai, ta yi alfahari. Tabawa ta karɓa ta jujjuya ta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na gode. To ranka ya daɗe, ta ina ake hawanta? Yara na jiran gishiri."

Ba wanda ya yi dariya. Na hangi Abdou a tsaye can baya ya ja rawani ya rufe fuska.

Kumandan ya ce, "Ita fa?"

Na ce, "Tana gode wa Faransi."

Ya ga shirun ya yi yawa, ya yi niyyar miƙewa ya ce wani abu. Ya yi gyaran murya sau ɗaya. Ya yi na biyu. Farfajiyar nan ta fashe gaba ɗaya, har gardawan da ke tsaron ƙofa suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Daga nan bai ƙara bukatar mai fassara ba.

Mataki na shida: Ka faɗi gaskiya sau ɗaya, ranar da za ta cece ka

Washegari da safe aka kira ni biro. Takardun shiri uku na kan tabur, na shekara uku, kowace da sunana.

Kumandan ya sa yatsa a kan ta ƙarshe ya ce, "Kai ka rubuta wannan?"

Na tuna aikina, na tuna tsohuwata a Tasawa da ke gaya wa kowa ɗanta mushe ne. Na ce, "Ba ni ba ne, mon kumandan. Ni abin da aka faɗa nake rubutawa. Maƙerin ne."

Ka lura da kyau, ba ƙarya a cikin wannan magana. Shekara uku ina riƙe da gaskiyar nan ban taɓa ta ba, ina tanadinta, sai ranar na fitar da ita sabuwa ful. Ban ambaci Tabawa ba. Kada ka ɗauka jarumta ce. Na auna su biyun ne na ga ita na fi tsoro.

A zamanin ba a bukatar alƙali. Kumandan ya rubuta layi biyu, aka je maƙera aka ɗauko Bahago, aka ba shi kwana goma sha biyar a gidan kaso. Kullum da rana tsaka ana fito da shi yana ɗibar ruwa da tulu yana ban ruwan lambun kumandan, mutum mai furfura, a idon waɗanda jiya suka yi masa tafi.

Mataki na bakwai: Ka sake hanya

Daga gidana zuwa lakwal ta unguwar maƙera ake bi. Na gano wata hanya ta bayan mahauta, mai nisa ninki biyu da wari ninki goma. Na ce wa mutane likita ya ce in riƙa tafiya.

Hanyar ba ta raba ni da Tabawa ba. Kowace rana sai ta tsaya a tagar ajina da akushi a ka.

"Mushe, ina kwana. Zan kai wa Bahago tuwo. Ko akwai abin da za a rubuta masa?"

Ta yi haka sau goma sha biyar, ba ta ƙara kalma ba ta rage ba. Da a ce zagina ta yi, da na samu abin ramawa.

Bahago ya fito da ciwon baya wanda bai rabu da shi ba har abada. Shekara biyu ba a yi wasa a Agadas ba. Aka ɗauke kumandan, aka soke dokar kulle mutum ba shari'a, ni kuwa ina nan ina bin bayan mahauta.

Mataki na takwas: In an zo aron rigarka, ka bi ta

Wata safiyar Juma'a a 1947 na ji sallama. Na fito na tarar da Bahago a zaure, ya jingina da bango saboda bayan. Na durƙusa na gaishe shi, gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo, don ban san abin da ke bayanta ba.

Ya ce, "Mushe, aro na zo. Bestin nan taka, kwat ɗin zuwa biro, da kaye."

Na ce, "Na me, Baba?"

"Wasa muke shiryawa, sunansa Kwana Goma Sha Biyar. Akwai wani mai fassara a ciki."

Na shiga na ɗauko na ba shi. Bayan kwana uku ya dawo, Tabawa na biye.

Ta ce, "Garba ya kasa. In ya ce ba shi ba ne, sai ka ji kamar mutumin kirki aka zalunta. Ba haka muke so ba."

Bahago ya ce, "Ni zan iya, amma ni ne kumandan. Ba na rabuwa biyu."

Suka zuba mini ido. Na ce mutane za su yi mini dariya. Tabawa ta ce ai shekara biyu ke nan suna yi, gara in zo a yi da ni, ko na samu ladan tsayuwa.

A bakin kasuwa aka yi wasan, ba labule, ba takardar shiri, ba sunan kowa. Na sa bestina na fito da kaye a hammata. Tun kafin in buɗe baki aka gane, wani gunaguni ya ratsa taron. Bahago ya sa yatsa a kan tabur, ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce, "Kai ka rubuta wannan?" Ban yi kwaikwayon komai ba. Na faɗi abin da na faɗa a biro, kalma da kalma.

Ban taɓa jin dariya mai tsawon wannan ba. Mata na riƙe da juna, wani mahauci ya zauna daɓas a ƙasa. Na tsaya a tsakiyarta gumi na bin bayana har ta lafa. A cikin wasanni huɗun nan, wannan layi kaɗai ne nawa na kaina, kuma shi ya fi kowane karɓuwa.

Da aka watse na taya Bahago ɗaukar tabur zuwa maƙera, ta hanyar da na bari shekara biyu. A ƙofa na ce, "Baba, ku yafe mini."

Ya ajiye nasa gefen a hankali, ya dafe ƙugu. Ya ce, "Tun rana ta uku na yafe, Mushe. Ɗaukar tulu da fushi nauyi biyu ne. Sauran kwana goma sha biyun wasan nan nake shiryawa." Ya dubi bestin ya ce, "Gobe ka zo da wuri. Ka yi saurin faɗin 'maƙerin ne.' Ka ɗan jinkirta, kamar kana jin kunya."

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya bi don kansa. In an kore ka daga aiki, in mai albasa ta tsaya a tagarka, in yara sun riƙa gyaran murya sau biyu idan ka wuce, ba ruwan mai wannan takarda, kada a zo mini gida. Musamman mataki na shida, ban ce kowa ya gwada ba sai ya tabbata wanda zai miƙa irin Bahago ne. Ni ma ban tabbata ba lokacin da na yi, sa'a na ci. Kuma kada ka zo neman aronsa. Mun binne shi bara da kaka, Allah ya jiƙansa, ban kuwa ga wani irinsa a garin nan ba.